Ledar Burodi a Ƙafar Morven

Ina bayan gida ina kwashe shanya, ranar Asabar wajen ƙarfe goma sha biyu na rana, wayata ta yi ƙara. Kayan duk sun daskare a kan igiya, wandon mijina ya ƙage kamar katako. Na duba na ga sunan Lachie, yayan ƙawata Senga, mutumin da bai taɓa kirana ba tunda nake.

"Wilma, kina zaune?"

"A tsaye nake. Lafiya?"

"Senga ce. A cikin bas. Direba ya zaci barci take yi, sai da kowa ya sauka."

Can ya ce 'yan sanda sun ba shi jakarta da wani kwali da suka samu a kan cinyarta. Ya buɗe ya ga takalmin hawan dutse ne sabo fil, kuma ba na ƙafarta ba.

"Kin san na wane ne?"

Na ce na sani. Na zauna a kan kwandon wanki har sanyi ya ratsa ni. Daga baya likitoci suka ce wata jijiya ce ta fashe a kanta, ta rasu nan take. Shekararta arba'in da uku.

Ni ba marubuciya ba ce. Ina da shekara goma sha shida na bar makaranta, abin da na iya shi ne dafa wa yara ɗari biyu abinci kafin ƙarfe goma sha biyu da rabi. Amma duk wanda ya rubuta sunan Senga Pattullo a waya yau, hoto ɗaya ne zai fito masa, kuma ba na so a ce shi ke nan abin da ya rage nata.

Tun aji ɗaya muke tare. Babanta a masaƙar ulu yake aiki har aka rufe ta, mamarta tana goge-goge a ofisoshi. Gidansu na layin ƙarshe, inda dutsen Ben Garroch ya fara, idan ka buɗe ƙofar baya dutsen ne a gabanka. Amma mu 'yan garin ba ma hawansa. Na tumaki ne, da mutanen birni masu zuwa ranar Lahadi da jajayen riguna da sanduna bibbiyu kamar masu ciwon gwiwa. Baban Senga yakan tsaya a taga yana kallonsu, ya ce, "Ku dubi waɗannan. Da sun yi awa goma a tsaye gaban inji, da sun san amfanin kujera."

Idan dusar ƙanƙara ta sauka, iyayenmu mata suna da dabara guda. Ka sa safa, a zura maka ledar burodi a kai, a ɗaure da roba a idon sawu, sannan ka sa takalminka. Haka muke zuwa makaranta, kowa ƙafarsa tana ƙaras-ƙaras. Babu gidan da ba a tara ledar burodi a cikin durowa tun kaka. Ba abin kunya ba ne. Uwar da ba ta sa wa ɗanta ba, ita ake yi da ita.

Senga ta girma gajeriya mai ƙarfin hannu, dariyarta kuwa ana jin ta daga ofishin shugaban makaranta. Shekara goma sha bakwai muka yi a kicin ɗin firamaren da muka yi karatu. Ta san yaron da ya zo bai karya ba tun daga yadda yake riƙe faranti, sai ta nitsa ludayi har ƙasan tukunya ba tare da ta kalle shi ba, don kada ya ji nauyi. Waƙa take yi kullum, kuma ba ta iya ba. Injin wanke kwanukanmu ta sa masa suna Murdo, sunan tsohon mijinta, wai don ya cika ƙara kuma ba ya ƙarasa aiki.

Ba zan ce Murdo mugu ba ne. Mutum ne mai tsabta, mai aikin ofis, wanda ya tafi birni lokacin da 'yarsu Morven take da shekara uku, kuma bai taɓa yafe wa kansa cewa daga garinmu ya fito ba. Yana son yarinyar. Yana kuma son alkawari. Sau uku ya ce mata zai kai ta ƙololuwar Ben Garroch, ta ɗora dutsenta a kan tulin duwatsun da ke can kamar yadda 'ya'yan likita da ke ajinsu suka yi. Sau uku wani abu ya taso.

Na ukun, kwana biyu bayan sabuwar shekara ne. Morven tana da shekara tara. Ta shirya tun da safe, ta zauna a kan matakala da jakarta a baya, sai saƙon ubanta ya shigo cewa ba zai zo ba. Senga ta ce yarinyar ba ta yi kuka ba, ta dai cire jakar a hankali ta ajiye. Wannan ne ya fi mata ciwo.

"Mayar da jakarki," in ji Senga. "Ni zan kai ki."

"Mama, ke kin taɓa hawa?"

"Dutsen da na girma a gindinsa? Ina ce dai sama ake yi?"

Ta ƙofar gidana suka bi. Rana ta fito tas, sama shuɗi, babu iska ko kaɗan. Senga ta sa rigar sanyinta ta zuwa aiki, ta ɗauko shayi a filas da burodi da cuku. Su biyun takalmin kambas ne a ƙafarsu.

"Ƙawata, kina da leda? Biyu kawai na samu a gida."

Na shiga na ɗauko mata. Ni na durƙusa na zura wa Morven a ƙafa, ni na ɗaure robar. Yarinyar tana dariya tana cewa ƙafarta ta zama burodi. Na ce, "Ku gaishe mini da tumaki." Senga ta ce, "Ki ɗora tukunya, ƙarfe biyu muna nan." Ina faɗin wannan ne don a sani. Idan wauta ce, mu biyu muka yi ta, kuma iyayenmu suka koya mana.

Abin da ba mu sani ba, babu kuma wanda ya taɓa gaya mana, shi ne leda tafiyar minti goma take yi wa amfani, daga gida zuwa aji, inda za ka cire ta ka shanya safa a jikin hitar ɗumama ɗaki. Idan ka yi awa uku kana hawa, ƙafa tana gumi, gumin ba shi da wajen fita, safa ta jiƙe sharkaf. Da ka tsaya, ruwan ya huce, sai ya zama kamar ka tsoma ƙafa a rafi. Ga shi ƙafar tana zamewa a cikin takalmin kanta.

Sauran labarin daga bakin Senga na ji, na kuma ji daga Morven a lokacin da take ba da shi da murna. Hawan ya yi daɗi. Dusar ta yi tauri, suna taka sawun waɗanda suka riga su. Morven tana gaba tana ƙirga tumaki. Suka waiwaya suka ga garin duka, har rufin makaranta, Senga ta ce, "Ashe haka muke ƙanana." Suka wuce wani tsohon garken tumaki, katangar dutse ce kawai babu rufi, suka ci gaba. Wajen ƙarfe biyu, suna hangen tulin duwatsun nan, hazo ya taso daga ɗaya gefen ya rufe komai.

Senga ta ce su juya. Morven ta ce saura kaɗan, Mama, ga shi can. Senga ta ce a'a. Da suka juya ne ta gane abin da masu sanduna suka sani: hanyar da ta hawu da sauƙi, a gangare ƙanƙara ce zalla. Kambas ba ya kama komai. A zaune suka riƙa ja da gindi har suka komo garken. Nan Morven ta ce ba ta jin yatsunta.

Ga abin da ƙawata ta yi. Ta zaunar da yarinyar a kusurwar da iska ba ta kaiwa, a kan jaka. Ta cire mata takalma da ledoji da jiƙaƙƙun safa, ta ɗaga rigarta ta cusa ƙafafun nan biyu a kan fatar cikinta. Ta ce sanyinsu kamar an ɗora mata kifi daga firji. Ta ba ta safar hannunta. Sannan ta ciro waya ta tsaya tana kallonta. Ta gaya mini ta san abin da kiran zai jawo, ta san Murdo zai ji. Tana iya gwada sauka a hankali, wataƙila su isa, babu wanda zai sani. Ta dubi fuskar yarinyar, ta danna lambar gaggawa.

Awa biyu suka yi a wurin. Ta sa Morven ta yi ta jero sunayen 'yan ajinsu da abin da kowa ba ya ci. Ta yi mata waƙoƙinta marasa daɗi har yarinyar ta ce, "Mama don Allah ki bari, tumaki za su gudu." Da masu ceto suka iso da fitilunsu, shugabansu, wani dattijo mai gyaran famfo a garin da ke gaba da mu, ya duba ƙafar Morven ya ce lafiya lau take. Ya ce wa Senga, "Baiwar Allah, takalminku bai yi ba, wannan gaskiya ce. Amma kin juya da wuri, kin fake, kin kira tun da sauran haske. Ina ma kowa haka yake." Kafin su naɗe yarinyar a bargo, Senga ta sa mata busassun safar da suka ba ta, ta mayar da ledojin a kai, don tana ganin za su ƙara ɗumi.

Ina filin ajiye motoci lokacin da suka sauko, wajen ƙarfe shida. Mutane sun taru, har da baƙin da suka gama nasu hawan suna shan kofi. Morven tana kan gadon ɗaukar marasa lafiya tana ɗaga wa kowa hannu. Bargon ya zame, ƙafafunta suka fito, da sunan gidan burodi ɓaro-ɓaro a jiki. Wani ya ɗaga waya. Har yau ban san ko wane ne ba.

Kafin Litinin hoton ya gama ƙasar. Mutanen da ba su taɓa jin sunan garinmu ba suka rubuta cewa a ƙwace yarinyar, a ci tarar uwar, irin waɗannan bai kamata su haihu ba. Wannan duk na iya haɗiyewa, baƙi ne. Abin da ya tsaya mini a wuya na gida ne. Ranar Laraba ina layi a kanti na ji matan da muka yi aji ɗaya da su.

"Ledar burodi fa! A kan dutse!"

"Ni wallahi ko kare ba zan fitar haka ba."

Na san ƙafar kowace a cikinsu. Na san wadda mamarta take haɗa mata leda biyu-biyu don takalminta ya huje. Na buɗe baki, sai na ga kowa yana kallona, na biya kuɗin madara na fita. Shekara uku ke nan ina maimaita abin da ya kamata in faɗa a wannan layin.

Murdo ya ɗauki lauya. Wata mata mai kula da lamuran yara ta zo da jaka da murmushi, ta zauna da Morven ita kaɗai. Ta tambaye ta ko ta ji tsoro, ta ce e. Ko ƙafarta ta yi sanyi, ta ce e. Ko mamarta tana da taswira, ta ce a'a. Yarinya ce mai gaskiya, haka uwarta ta rene ta. Babu wanda ya tambaye ta a ina ƙafar ta yi ɗumi. Dattijon nan mai gyaran famfo ya rubuta takarda da hannunsa, ni ma na rubuta, na ce ni na ɗaura ledar. Ban sani ba ko an karanta. Alƙali ya ce yarinyar ta koma wajen ubanta a birni, uwar ta riƙa ganinta Asabar ɗaya a cikin biyu, kuma kada ta kai ta wani dutse ko daji sai da yardar uban.

Washegari Senga ta zo aiki. Ta ɗaura gyalenta, ta feraye dankali buhu guda. Yatsunta biyu na hannun dama ba su ƙara jin zafi ko sanyi ba tun ranar garken, sau da yawa sai na ga fatar ta yi ja sannan ta san ta ƙone. Injin wanke kwanuka ya tsaya a tsakiyar aiki kamar yadda ya saba, na jira ta zage shi da sunansa. Ta danna maɓalli kawai ta juya.

A wannan watan ta saya wa Morven takalmin hawan dutse na farko, lamba biyu, na gaske, mai ƙasa kamar tayar tarakta. Ta ajiye a kan kabad. Ta shiga ƙungiyar masu hawan dutse, ita kaɗai mai aikin kicin a cikin malamai da 'yan fansho. Ta koyi karanta taswira, ta koyi sunayen iska, ta san ƙarfe nawa rana take faɗuwa a kowane mako na hunturu. Ranar Lahadi sai in hango ta daga tagata, ɗigo ɗaya a jikin dutsen da babanta yake yi wa dariya. Ta hau Ben Garroch ya fi sau talatin. Amma ba ta taɓa kaiwa ga tulin duwatsun ba. Idan ya rage taku ɗari sai ta tsaya, ta bar sauran su ƙarasa, ta sha shayinta.

Na ce mata, "Ke wace irin mutum ce? Ki sha wahalar nan duka ki tsaya a bakin ƙofa?"

Ta ce, "Da Morven na yi alkawarin ganinsa, ba ni kaɗai ba."

Idan ta nemi izinin kai yarinyar dutsen, Murdo bai taɓa cewa a'a ba. Cewa yake bari a ga bazara, bari ta gama jarrabawa, bari ya yi tunani. Ƙafar yarinya kuwa ba ta jiran tunanin kowa. Lamba biyu ta yi kaɗan ba a taɓa sa ta ba, Senga ta ba wata yarinya a makarantarmu, ta sayi uku. Uku ma ta bi ta.

Abin da ya fi wannan ciwo, hoton ya bi Morven har sabuwar makarantarta. Yara suka sa mata suna Burodi. Suna ajiye mata leda a kan kujera. Yarinyar da take ba da labarin ranar nan tana tsalle ta daina son a ambace shi. Asabar ɗin ta fara raguwa, yau wasan ƙwallo, gobe bikin ƙawa. Senga takan shiga bas ta yi awa guda, su zauna a shagon shayi, Morven tana kallon waya. Wata rana Senga ta ambaci dutsen, yarinyar ta ce, "Mama, ba ki ga abin da kika jawo mini ba ne?" A kicin Senga ta gaya mini wannan, tana goge tebur ɗaya har sau uku. Ta ce, "Gaskiyarta ne, Wilma." Na ce ba gaskiyarta ba ne. Ta ce, "Shekararta goma sha ɗaya. Gaskiyarta ne."

Ban taɓa jin ta ce da ta sani da ba ta kira masu ceto ba. Sau ɗaya na tambaye ta. Ta kalle ni kamar na zage ta, ta ce, "Yatsu goma ne a ƙafarta. Na ƙirga."

A wajen jana'iza coci ya cika. Matan kanti sun zo da furanni, sun yi kuka sosai. Morven ta zauna a gaba kusa da ubanta, ta yi tsawo, shekararta goma sha biyu, ta fi uwarta tsayi. Na kalli ƙafarta. Ban iya hana kaina ba. Kwalin yana gidana, Lachie ya kawo mini, har yanzu ban san yadda zan ba ta ba.

Ranar Juma'a, jajiberin rasuwarta, mun gama wanke-wanke, yara sun watse. Na lura tun safe tana waƙa, abin da na daɗe ban ji ba. Ta jawo ni wajen rataye riguna ta nuna mini wayarta. Saƙon Morven ne, layi biyu: an ce ajinsu za su hau dutse a zango mai zuwa, ba ta so ta zama ita kaɗai ce ba ta iya ba, Baba ya ce to. Ko Mama za ta gwada mata a hutun Ista?

Senga ta ciro kwali daga ƙarƙashin benci. Lamba huɗu, ta saya kafin Kirsimeti. Ta ce gobe za ta biya shagon da ke birni ta canza kafin ta je wajen yarinyar, don tana jin ya yi kaɗan.

"Huɗu da rabi ko biyar?" in ji ta. "Ke kin ga ƙafarta a hoton nan na makaranta."

"Ki tambaye ta mana. Ga waya a hannunki."

"Haba, Wilma. Uwa ta tambayi 'yarta lambar takalmi?"

Ta faɗa tana dariya, amma ba ta kalle ni ba. Tana ta gyara igiyar takalmin a cikin kwali.

Na ce, "To ɗauki biyar. Da safa mai kauri zai zauna."

"In ya yi mata yawa fa?"

"Sai ki cika da wani abu."

Ta rufe kwalin, ta saƙale shi a hammata, ta tura ƙofa da kafaɗa. Sanyi ya shigo. Ta waiwayo.

"Ki tara mini leda ke nan, ƙawata."

"Tafi can, 'yar banza," na ce. "Sai Litinin."

"Sai Litinin. Kada ki bar mini tukwane."